Binciken Ciwon Ido a Dawaki da Hanyoyin Magance Shi

1.0 Gabatarwa

Doki dabba ne da ya daɗe da samun matsayi a ƙasar Hausa da Borno. Da shi aka yi yaƙi a zamanin da, da shi ake hawan salla a yau, kuma da shi ake sukuwa da wasan folo a garuruwa irin su Katsina da Kano da Kaduna da Legas. Sarautu irin su Madawaki da Shamaki shaida ne a kan yadda sha'anin doki ya shiga tsarin mulki, kuma a shekarar 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan daba na Kano cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su. Duk wannan hidima ta dogara ne a kan dabbar da ke gani da kyau, domin doki matsoraci ne a halittarsa, abin da bai gani sosai ba kuwa zabura yake yi daga gare shi, ko da a tsakiyar taro ne.

Idan ɗan barga ya zo wurin likitan dabbobi, bayaninsa ba ya wuce cewa doki yana ciwon ido: ido ya yi ja, yana hawaye, ya ƙi buɗuwa. Wannan suna guda ya lulluɓe cututtuka da dama. Biyu daga cikinsu, wato gyambon gilashin ido da kumburin cikin ido, alamominsu na waje kusan iri ɗaya ne, amma maganin da ke ceton ido a ɗaya shi ne ke hallaka shi a ɗayan. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana matakan da likita zai bi, ɗaya bayan ɗaya, domin ya rarrabe waɗannan cututtuka kafin ya ɗiga komai a idon doki, sannan ta kawo hanyoyin magance waɗanda aka fi cin karo da su.

2.0 Sassan Idon Doki da Sunayensu

Idon doki yana cikin mafiya girma a dabbobin tudu masu shayarwa, faɗinsa ya kusa santimita 5. Yana gefen kai ne, ya kuma ɗan ɓullo waje, abin da ya sa doki ke ganin kusan digiri 350 na kewayensa. Wuraren da ba ya gani su ne bayansa sak da kuma dab da goshinsa. Wannan ɓullowa da ta ba shi faɗin gani ita ce kuma ta sa idon ke saurin haɗuwa da ƙaya da ƙusa da bakin bulala.

Hausa tana da sunayen sassan waje, kamar fatar ido da gashin ido da farin ido da ƙwayar ido da kwarmin ido. Sassan ciki kuwa sai an siffanta su, don haka ga sunayen da za a yi amfani da su a nan. Gilashin ido shi ne garai-garan murfin da ke gaba, wanda haske ke ratsawa. Kaurinsa bai cika wuce milimita 1 ba, kuma hawa-hawa ne: akwai fatar sama, da tsokar tsakiya wadda ita ce mafi kauri, da wani siririn tantani a ƙarƙashinta, sannan shimfiɗar ciki. Tantanin ido shi ne jan laushin da ya lulluɓe cikin fatar ido da farin ido. Bayan gilashi akwai wani ɗaki mai ruwa garau, wanda za a kira ruwan gaba. Sai zoben launi, da tagar ido a tsakiyarsa, wadda a doki kwance take, ba zagayayya ba kamar ta mutum. A leɓenta na sama akwai wasu baƙaƙen ƙullutai da ke yi mata inuwa. Halitta ce, kada a ɗauke su ƙari. Bayan taga akwai madubin ciki, can ƙurya kuma shimfiɗar gani. Doki yana da fatar ido ta uku a kusurwar da ke wajen hanci, da kuma magudanar hawaye wadda ke ɓullowa a ƙasan ƙofar hanci.

Kalmar jijiya tana bukatar kula, domin a Hausa ta ƙunshi hanyar jini da hanyar saƙo da igiyar tsoka. A nan za a riƙa cewa jijiyar jini, ko jijiyar motsi, ko jijiyar ji, gwargwadon abin da ake nufi. Haka nan kalmomin hakiya da yana. Masu dawaki sukan kira duk wani farin da ya bayyana a ido hakiya, ko kuwa su ce yana ce. A wurin likita hakiya farin da ke kan gilashi ne, yana kuwa dusashewar madubin ciki ce, a bayan taga. Hakiyar ma kanta tana iya zama tsohon tabo da ya warke, ko kumburin ruwa, ko ƙurji mai rai. Ke nan sunan da mai doki ya ba ciwo siffar abin da ya gani ne, gano cutar kuwa aikin likita ne.

3.0 Matakan Bincike

Ƙa'idar farko ita ce, duk idon dokin da ke ciwo a ɗauke shi abin gaggawa, a duba shi a ranar. Ƙa'ida ta biyu ita ce a bi matakai a jere, domin wani gwajin yana ɓata wani idan aka gabatar da shi.

3.1 Tambaya da Kallo Daga Nesa

Likita zai fara da tambayar yaushe ciwon ya soma, ko ya taɓa faruwa a baya, ko doki ya yi tafiya ko hawa kwanan nan, da irin abincin da ake zuba masa. Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ita ce: me aka riga aka sa a idon? A nemi a kawo kwalbar ko bututun a karanta abin da ke jiki.

Daga nan sai ya tsaya a gaban doki, ba tare da ya taɓa shi ba, ya kwatanta ido da ido. Gashin idon lafiyayyen doki miƙe yake zuwa gefe. Idan na ido ɗaya ya sunkuya ƙasa, to alamar zafi ce, kuma sau da yawa ita ke riga sauran alamomi bayyana. A lura da girman ƙwayar ido, da kumburin fata, da irin abin da ke zuba, ko hawaye ne zalla ko kwantsa mai kauri.

3.2 Gwajin Gani

Wannan gwaji kafin a yi allurar kwantarwa ake yin sa. A kai hannu wajen ido kamar za a doke shi, ba tare da an kaɗa iska ko an taɓa gashi ba. Mai gani zai ƙifta. Dukushin da bai kai mako 2 ba yakan kasa ƙiftawa ko da yana gani, domin abin koyo ne. Sai a haska fitila mai ƙarfi a ga ko ido zai runtse, ko kuma taga za ta tsuke. Tagar doki ba ta saurin tsukewa kamar ta kare ko kyanwa. Idan gilashi ya dushe har ba a ganin ciki, a haska idon mai ciwo a kalli tagar ɗaya idon. In ta motsa, akwai sauran fata ga shimfiɗar gani.

3.3 Kwantar da Doki da Kashe Jijiya

Tsokar da ke rufe idon doki ƙaƙƙarfa ce ƙwarai. Wanda ya ce zai buɗe ta da ƙarfin yatsa yana iya fasa idon da gyambo ya riga ya cinye. Saboda haka akan yi allurar kwantarwa ta jijiyar jini, ko dai zailazin miligiram 0.3 zuwa 0.5 ga kowane kilo na nauyin doki, ko ditomidin miligiram 0.01 zuwa 0.02. Bayan haka sai a kashe jijiyar motsin fatar ido. Ana jin ta da yatsa kamar zare a inda ta haye ƙashin da ya miƙa daga bayan ido zuwa gindin kunne. Mililita 1 zuwa 2 na lidoken mai ƙarfin kashi 2 cikin ɗari ya isa, kuma cikin 'yan mintoci fatar sama za ta saki. Wannan allura motsi kawai take hanawa, ba ta kashe zafi. Idan za a yi ɗinki a fatar sama sai a ƙara da kashe jijiyar ji, wadda ke fitowa ta wani ɗan rami a ƙashin da ke saman ido.

3.4 Jerin Gwaje-gwaje

A shigar da doki wuri mai duhu, a ɗora haɓarsa a kan dami ko buhu. Jerin aikin shi ne kamar haka:

(a) Awon hawaye da 'yar takardar awo, idan ana zargin bushewar ido. Abin da ya gaza milimita 10 a minti ɗaya ya yi kaɗan. Dole ne wannan ya riga duk wani ɗigo.

(b) Shafo samfuri daga gefen gyambo domin renon ƙwayoyin cuta a ɗakin bincike, shi ma kafin a sa rini.

(c) Duba gilashi da ruwan gaba da fitila, daga gaba da kuma daga gefe. Idan zaren haske ya bayyana a cikin ruwan gaba kamar hasken rana a ɗaki mai ƙura, to akwai kumburi a ciki.

(d) Sa rinin fuloresin. Rini ne ruwan goro da ke komawa kore shar a inda fatar saman gilashi ta ɗaye. Lafiyayyen gilashi ba ya kama shi. A lura cewa siririn tantanin ƙasa ma ba ya kama shi, don haka gyambon da gefensa ya yi kore amma tsakiyarsa ta yi baƙi garau, ya kai ƙarshen zurfi ke nan, saura ƙiris ido ya fashe. Rinin yakan ɓullo a hanci bayan wasu mintoci, abin da ke nuna magudanar hawaye a buɗe take.

(e) Ɗiga maganin kashe zafi, sannan a ɗaga fatar ido ta uku a leƙa bayanta. Nan ƙaiƙayi da ƙarangiya da tsinken ciyawa suka fi maƙalewa. A wannan mataki ne kuma ake kankaro gefen gyambo a shafa a gilashin madubin likita. Ganin zaren fumfuna a wannan shafi yana iya sauya magani gaba ɗaya a rana guda.

(f) Awon matsin ido ga wanda ke da na'urar. A doki yakan tsaya tsakanin 15 da 30 a ma'aunin milimitan zaiba, da sharaɗin kai yana sama da zuciya lokacin awo. Kumburin ciki yana saukar da shi, hawan jinin ido kuwa yana ɗaga shi.

(g) Buɗe taga da ɗigon tirofikamaid, a jira minti 15 zuwa 20, sannan a duba madubin ciki da shimfiɗar gani. Ba a amfani da atirofin domin bincike kawai, saboda a lafiyayyen ido yana iya barin taga a buɗe har mako 2.

Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan fage ƙimar ido ba ta isa ba, domin ƙaramin gyambo yana ɓuya ga ƙwararre. 'Yar takardar fuloresin ba ta da tsada, kuma ita ce ke raba gardama.

4.0 Manyan Cututtuka da Magungunansu

4.1 Gyambon Gilashin Ido

Mafarinsa yawanci ƙarzuwa ce: ƙaya, ko karan harawa, ko yashin da iskar hunturu ta kwaso, ko igiyar ragama. Gyambo na sama-sama wanda ƙwayoyin cuta ba su shiga ba yakan warke cikin kwana 7. Maganinsa man ido ko ɗigo mai kashe bakteriya, kamar kuloramfenikol, sau 3 zuwa 4 a yini, da atirofin kashi 1 cikin ɗari domin sassauta murɗawar cikin ido, da fuluniksin miligiram 1.1 ga kowane kilo domin zafi. A sake sa rini bayan kwana 2 ko 3. Gyambon da ya wuce mako bai rufe ba, akwai dalili: ko wani abu ya maƙale, ko gashi yana gogar wurin, ko cuta ta shiga.

Hatsarin yana zuwa ne idan bakteriya irin su Pseudomonas aeruginosa da Streptococcus zooepidemicus, ko fumfuna irin su Aspergillus da Fusarium, suka samu shiga. Doki ya fi sauran dabbobin gida kamuwa da fumfunar ido, domin tana zaune a ciyawarsa da shimfiɗarsa, musamman inda akwai zafi da laima. Waɗannan ƙwayoyi, tare da fararen ƙwayoyin jinin dokin kansa, suna sakin sinadaran da ke narkar da tsokar gilashi. Sai a ga gilashin ya yi toka-toka, ya yi taushi, yana zazzagowa kamar kitsen da ya ji wuta. Irin wannan yana iya huda ido cikin awa 24 zuwa 48.

Maganin gyambo mai narkewa kashi uku ne, kuma a tare ake ba da su. Na farko mai kashe bakteriya mai ƙarfi, kamar sifurofuloksasin ko tobiramaisin, kowace awa 1 zuwa 2 a farko. Na biyu mai kashe fumfuna, kamar natamaisin kashi 5, ko borikonazol kashi 1, ko mikonazol kashi 1. Inda waɗannan suka yi wuya, man silba salfadayazin da ake shafa wa ƙuna yana taimakawa. Na uku mai hana narkewa, kuma mafi sauƙinsa a jikin dokin yake: a ɗebi jininsa a kwalba mai tsabta, a bar shi ya daskare, a tsiyaye ruwan da ya taso, a ajiye a firji, a riƙa ɗigawa kowace awa 1 zuwa 2, ana sabunta shi bayan 'yan kwanaki. Jijiyoyin jini kan soma shigowa daga gefen gilashi bayan kwana 3 zuwa 5, suna tafiyar kusan milimita 1 a yini. Jan da suke kawowa alamar waraka ce, kada a nemi kore shi. Idan gyambo ya ci fiye da rabin kaurin gilashi, to lokacin tiyata ya yi, inda ake jawo tantanin ido a ɗinke a kan ramin. Irin wannan aiki na asibitocin koyarwa ne, kamar na Zariya da Maiduguri da Sakkwato da Ibadan da Nsukka.

Abin da aka haramta a kan kowane gyambo shi ne maganin sitiroyid. Yana danne garkuwar ido, yana hana fata rufewa, yana ƙara wa narkewa gudu, yana kuma buɗe wa fumfuna ƙofa. Matsalar ita ce wasu daga cikin ɗigon idon mutane da ake saye a kemis haɗi ne na mai kashe bakteriya da sitiroyid. Kwana ɗaya ko biyu ja zai ragu, doki ya buɗe ido, mai shi ya yi murna, alhali gyambon yana ci ta ƙasa. Duk kwalbar da aka ga deksametason ko betametason ko haidirokotison ko firednisolon a jikinta, kada ta kusanci idon da ba a sa wa rini ba.

4.2 Kumburin Cikin Ido Mai Dawowa

Wannan cuta ita ce kan gaba wajen makantar da dawaki a duniya. Tsohuwa ce ƙwarai: marubucin Rumawa Vegetius ya ambace ta wajen ƙarni na 4 zuwa na 5, kuma saboda yadda take tafiya tana dawowa mutanen da suka danganta ta da wata, har ake ce mata makantar wata. A yau an san cewa garkuwar jikin doki ce ke far wa cikin idonsa. Abin da aka fi dangantawa da tayar da ita shi ne bakteriyar Leptospira, wadda ake ɗauka daga ruwan da fitsarin ɓera ko na shanu ya gurɓata. Gado ma yana da hannu, domin dawakin Appaloosa na Amurka sun fi sauran kamuwa da kusan ninki 8.

Alamominta na waje su ne runtse ido da hawaye da gudun haske, daidai da na gyambo. Bambancin yana ciki: taga ta tsuke ƙam, ruwan gaba ya gurɓace, wani lokaci mugunya ta kwanta a ƙasansa, matsin ido ya faɗi, rini kuma bai kama ba. Kowane tashi yana barin ɓarna. Zoben launi yakan manne da madubin ciki, baƙaƙen ƙullutan nan su shanye, yana ta fito, daga ƙarshe ido ya motse. Saboda haka likitan da ke duba dokin da za a saya ya kamata ya nemi waɗannan tabbai ko da ido yana kwance lafiya a ranar.

A nan sitiroyid shi ne gatan ido. Bayan an tabbatar rini bai kama ba, sai a sa firednisolon asitet kashi 1 ko deksametason kashi 0.1, sau 4 zuwa 6 a yini, tare da atirofin har taga ta buɗe, da fuluniksin. Ba a yanke magani da zarar ido ya washe; a ci gaba har mako 2 ko fiye bayan alamomi sun ɓace, ana ragewa sannu a hankali, ana kuma maimaita rini, domin dokin da ido ke damu yakan goga shi ya jawo sabon gyambo. Atirofin yana rage motsin hanji, don haka a riƙa sauraron ciki ana lura da kashi, a dakatar da shi in ciwon ciki ya taso. Domin hana dawowar cutar akwai hanyoyi na ƙwararru: dasa ƙwayar saikulosforin a bangon ido, wadda aka ɓullo da ita a Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa a Amurka; tiyatar kwashe ruwan bayan ido, wadda ta fi yaɗuwa a Jamus; da allurar jentamaisin miligiram 4 a cikin ido.

4.3 Inda Rini Kan Yaudari Likita

Akwai yanayi guda da ya kamata a keɓe. Wani lokaci ƙaya takan cusa ƙwayar cuta cikin tsokar gilashi, fatar sama ta rufe a kanta. Sai ƙurji ya taru a ciki, fari ko ruwan ɗorawa, da jijiyoyin jini kewaye da shi, ga zafi mai tsanani da kumburin ciki. Rini ba zai kama ba tunda fata ta rufe. Wanda ya dogara da rini kaɗai zai ce kumburin ciki ne ya sa sitiroyid, alhali yawancin irin wannan ƙurji fumfuna ce. Ƙa'idar ita ce, duk hakiya mai zafi, mai launin ɗorawa, a wuri guda, a yi mata maganin gyambo mai cuta, a zaɓi magungunan da ke ratsa fata kamar borikonazol da kuloramfenikol. Haka kuma kowane gyambo yana tayar da ɗan kumburin ciki. Wannan da atirofin da fuluniksin ake kwantar da shi.

4.4 Fatar Ido da Kewayenta

Yagewar fatar ido ta yawaita a bargar da ke da ƙusoshi da waya da bokitin ƙarfe. Kuskuren da ba ya gyaruwa shi ne yanke ɓangaren da ke reto. Fatar ido tana da wadatar jini, kuma ko ta kwana takan kama in an ɗinke. A wanke da ruwan fobidon ayodin da aka tsarma kashi 1 cikin 50, banda mai sabulu. A ɗinke hawa biyu, a daidaita bakin fatar sosai yadda ƙulli ba zai gogi gilashi ba, a sa rini, a kuma yi rigakafin tetanas.

Da damina, lokacin da ƙudaje suka yi yawa, akan ga wani gyambo mai tsiro a kusurwar ido ta wajen hanci, da 'yan ƙwayoyi ruwan ɗorawa masu tauri a cikinsa. Tsutsar ciki ce ta jinsin Habronema ko Draschia, wadda ƙuda ke kwasowa daga kashin doki ya ajiye a dausayin ido. Maganinta aibamektin miligiram 0.2 ga kowane kilo ta baki, da kankare tsiron, da rage kumburi. Sankarar fata tana kama da ita ƙwarai, kuma ita ce ƙarin da ya fi kama idon doki, musamman fatar ido ta uku da gefen gilashi. Ta fi samun dawakin da fatar kewayen idonsu ba ta da baƙi, irin wasu danda da gunya, saboda zafin rana. Tsiron da bai ja da baya ba bayan maganin tsutsa, a yanki kaɗan a aika ɗakin bincike. In an gano ta da wuri, cire fatar ido ta uku yakan wadatar.

4.5 Ido a Matsayin Manuniyar Cutar Jiki

Ba kowane ciwon ido ne daga ido ya taso ba. Cikowar ramin da ke saman ido da kumburin fatar ido, tare da zazzaɓi, alama ce ta annobar dawakin Afirka, wadda wasu ƙananan ƙwari masu cizo ke yaɗawa, kuma wajibi ne a sanar da hukuma. Ɗigo-ɗigon jini a fatar ido ta uku da launin shawara suna nuni ga cutar jini da kaska ke kawowa. Fatar ido ta uku da ke fizgowa ta rufe ido idan an ɗaga kan doki tana cikin alamomin farko na tetanas. Sammore ma yakan dusashe gilashi ya kumbura cikin ido. Saboda haka ma'aunin zafi da duba dasashi suna cikin binciken ido, musamman idan idanu biyu ne suka kamu.

5.0 Sa Magani da Kulawa a Barga

Magani mai kyau ba ya amfani in bai shiga ido ba. Dokin da ke jin zafi, bayan kwana biyu ba zai bari a kusanci kansa ba, sai ɗan barga ya riƙa matsa magani a gashin ido yana cewa ya sa. Mafita ita ce siririn bututun roba da ake ratsawa ta fatar ido, a ɗinke shi a fuska, a bi da shi ta geza har wuya. Daga can ake tura magani, kimanin mililita 0.2, a bi shi da iska a hankali, ba tare da an taɓa ido ba. A bar minti 5 tsakanin magani da magani.

Likita ya rubuta wa ɗan barga jadawali, ya nuna masa da hannu, ya kuma gaya masa alamomin da za su sa ya kira nan take: ƙaruwar zafi, sauyin launin gilashi, ko zubar ruwa mai yawa farat ɗaya. A ajiye doki a inuwa, a sa masa abin rufe fuska mai raga, a zuba abinci a ƙasa bayan an yayyafa masa ruwa, a kwashe kashi kullum. A yi bayani cikin girmamawa cewa hura garin magani ko toka ko matsa ruwan ganye a ido yana ƙara ƙarzar gilashi, yana kuma shigar da fumfuna. Dokin da ke shan magani ba ya hawa, ko da salla ta zo.

Idan ido ya fashe, ko ya makance yana kuma ciwo, cire shi jinƙai ne, kuma ana iya yin aikin doki yana tsaye. Mai ido ɗaya yakan saba cikin 'yan makonni ya ci gaba da aiki, sai dai dokokin folo na Ingila da Amurka sun hana shigar da shi fili.

6.0 Kammalawa

An ga yadda suna guda, ciwon ido, ya ƙunshi gyambo da kumburin ciki da ƙurji da tsutsa da sankara, har da cututtukan da mazauninsu jini ne. An kuma ga cewa sitiroyid yana ceton ido a kumburin ciki, yana hallaka shi a gyambo da ƙurji. Kayan da ake bukata domin rarrabewa ba su fi ƙarfin likitan karkara ba: wuri mai duhu, da fitila, da allurar kwantarwa, da lidoken, da takardar rini. Saura kuma harshe. Likita da ɗan barga da Hausa suke magana, don haka idan aka daidaita sunayen waɗannan sassa da cututtuka, har ɗan barga ya san hakiya iri-iri ce, ya kuma san akwai ɗigon da ba a sawa sai an gwada rini, to za a tsirar da idanun dawaki da yawa tun kafin likita ya iso barga.